Wasalin Yunwa

Hamdiyya ta dawo daga Legon da kwalabe goma,
ta durƙusa bakin kwatar Nima, daidai ƙofar shagona,
tana kamfatar 'ya'yan sauro da ludayi
kamar mai sayar da koko.
Maƙwabta suka leƙo. Na ce karatu ne, ku ƙyale ta.

Da dare na kunna maganin sauro mai naɗi.
Hayaƙi ya turnuƙe ɗaki, tari ya sarƙe ni,
gogan kuwa yana ta goge a kunnena.
Na ce ɗan banzan nan ya yi wayo,
ya saba da hayaƙi kamar yaron mota a tashar Sakul.
Ta ce, Baba, bai koyi komai ba.
Ragwayen sun mutu tun bara waccan.
Wanda hayaƙi bai kayar ba shi ya hayayyafa,
tattaɓa-kunnensa ne ke cizonka.
Mu muka tankaɗe su da hannunmu,
wannan tsakin da ya rage a rariya ne.

Na juya almakashi a hannu, na juya.
Na ce, to, yunwa fa?

Tamanin da uku, shekarar da wuta ta cinye gonaki,
Inna Lantana tana ɗauke da cikina.
Tun asuba take bin layin dokunu,
ɗanye ake saye, ba mai haƙurin ya dahu.
Ban ga yunwar nan da idona ba.
Amma har gobe, ko cikina ya yi nak,
sai na tsince shinkafar da ta faɗi kan tabarma.
Ke ma na kama ki:
guntun burodi a jakar littattafai,
ya bushe ƙamas, kin ƙi yarwa.
Wa ya rubuta mana wannan?

Ta yi dariya, sannan ta daina.
Ta ce, nan ne malamanmu suke ta kai ruwa rana.
Akwai rubutu a kowace ƙwayar jikinka,
baƙaƙensa ba sa sauyawa don an kwana ba a ci ba.
Wasu sun ce yunwa tana ɗora masa wasali,
baƙi ɗaya, karatu dabam,
kuma wasalin kan bi ɗa, ya bi jika.
Wasu sun ce ina!
Duk haihuwa ana wanke allon,
ɗan abin da ya maƙale bai isa a rantse a kansa ba.
An ga alama a tsutsa, an gani a ɓera.
Mutum kuwa ba ya zama cikin kwalba
a ƙirga masa jikoki.
Kai kana ciki, da kai aka ji yunwar.
Ni, wataƙila ido ne kawai:
na ga kana tsincewa, na tsince.

Na dubi babban yatsana,
kantar da almakashi ya shekara talatin yana ginawa.
Ranar sunanta na duba hannunta, sumul,
ba ta zo da ko ɗigo ba.
Amma haushina ta kwashe duka,
da wushiryar Inna, wadda ta tsallake ni.
An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe,
an kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba,
bakin da ya faɗi wannan shi ya faɗi wancan.
Ashe gardamar ta girmi Legon.

Aka ɗauke wuta. Ankara ta yi tsit, ban da janareton mai kanti.
Wani ya sauka a wuyana, na kai masa mari.
Na haska tafina: jini.
Nawa ne, ko nata, ko na Kwabena mai gyaran rediyo,
ban sani ba.
Daga cikin gidan sauro ta ce,
Baba, ka sake tankaɗe.
Mai nawa ka kashe,
mai saurin yana bayan labule.